Allura da Tuwo Tafiyarsu Ɗaya: Lokacin Insulin da Hawa da Saukar Suga a Jini

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a shirinmu na kiwon lafiya. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Beli da kewaye, da na Zarewa, Fulatan, Gwangwan, Ruwan Bago, Zoza da cikin garin Rogo, har zuwa Karaye, Turawa da Yammedi. Iyayenmu maza da mata, ina gajiya, ina aiki? Waɗanda ke kwance, Allah ya ba su lafiya.

Yau a kan ciwon suga za mu tattauna, kuma ɓangare guda muka ɗauka: masu yin allurar insulin, da lokacin da ya kamata a yi ta. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya kusan miliyan 3.6 ne ke da wannan ciwo a Najeriya, kuma a nahiyar Afirka fiye da rabin masu shi ba su ma san suna da shi ba. Ba duka ne ke bukatar allura ba. Wasu gyaran abinci da ƙwayoyi sun ishe su. Amma yaran da ciwon ya kama tun suna ƙanana, da manyan da ƙwaya ta daina riƙe su, da wasu mata masu juna biyu, rayuwarsu na rataye da wannan allura.

Saboda haka shirin yau ya shafi gida gaba ɗaya. Uwargida mai tuƙa tuwo, matso kusa da rediyo. Yaron da ke kai abinci gona, kai ma da kai ake. Mai kemis, kai da ake fara zuwa wurinka kafin a je asibiti, ka ba mu aron kunnenka.

Bari mu fara da jikin mai lafiya. Duk abin da muka ci, tuwon masara ne ko na dawa, shinkafa, rogo, dankali, fura ko koko, in ya shiga ciki sai ya narke ya zama suga, ya bi jini. Wannan sugan shi ne abincin ƙwaƙwalwa da tsoka. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira pankiriyas, ita ce ke fitar da sinadarin insulin. Shi insulin tamkar ɗan dako ne: ya ɗauki suga daga jini ya kai wa tsoka, rarar kuma ya kai wa hanta ta adana. In mutum ya ci ya ƙoshi, jiki ya turo shi da yawa. In yunwa ta zo, jiki ya janye shi, hanta ta riƙa sako abin da ta ajiye kaɗan-kaɗan. Shi ya sa mai lafiya zai wuni da azumi yana aiki, sugansa bai faɗi ba.

Wanda ake yi wa allura kuwa, ɗan dakon nasa na haya ne. Da zarar ya shiga jiki, babu mai iya ce masa koma. Zai zo a lokacinsa, ya yi aikinsa na awoyin da aka tsara masa. In ya tarar da kaya, ya ɗauka. In bai tarar ba, ɗan abin da ya rage a jinin shi zai kwashe, ya bar ƙwaƙwalwa da yunwa. Wannan ita ce maganar shirin yau gaba ɗaya: allura da abinci da aikin ƙarfi, dole a daidaita lokacinsu, don allurar ba ta san an makara da girki ba.

Ga alƙaluman da ya kamata mai na'urar gwaji ya haddace. Mai lafiya in ya tashi da safe bai ci komai ba, sugansa na tsakanin 70 da 99. In aka gwada mutum da safe aka samu 126 ko fiye, aka maimaita aka sake samun haka, to ciwon suga ya tabbata. Ga wanda yake kan magani, abin da likitoci suka fi nema shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, da ƙasa da 180 awa biyu bayan an ci. Ƙasa da 70 kuwa, suga ya faɗi, sai a tashi tsaye. Wasu na'urorin ƙananan lambobi suke nunawa, kamar 3.9 ko 7.0. Wani ma'auni ne daban. In ka ninka da 18 za ka samu wancan lissafin: 3.9 shi ne 70, 7.0 kuma shi ne 126. Ku tambayi ma'aikacin asibiti wace iri ce taku, ku rubuta a jikin kwalinta.

(Ɗan kiɗa)

To, insulin ba iri ɗaya ba ne, kuma kowanne da saurinsa. Mai kwalba a gida ya ɗauko ta yanzu, ya ɗaga ta a haske, mu duba tare.

Akwai mai garai-garai kamar ruwa, irin su Actrapid da Humulin R. Wannan yana fara aiki bayan kamar minti 30, ya kai ƙololuwar ƙarfinsa tsakanin awa 2 zuwa 4, ya ƙare bayan awa 6 zuwa 8. Na abinci ne, shi ya sa ake yin sa rabin awa kafin a ci.

Akwai mai fari-fari kamar tsinkakkiyar madara, irin su Insulatard da Humulin N. Shi a hankali yake tafiya. Sai bayan awa 1 zuwa 2 yake farawa, ƙarfinsa ya kai ƙololuwa tsakanin awa 4 zuwa 10, ya kuma wuce awa 12 yana aiki.

Akwai gauraye, irin su Mixtard 30 da Humulin 70/30, wanda mutanenmu da yawa suke amfani da shi. Shi ma fari-fari ne, amma iri biyu ne a kwalba ɗaya: kashi 30 mai sauri, kashi 70 mai jinkiri. Yawanci sau biyu ake yin sa, kafin karin kumallo da kafin tuwon dare.

Sannan akwai na zamani. Irin su Lantus suna aiki kusan awa 24 ba tare da wani hawa mai tsanani ba, ana yin su sau ɗaya a rana a lokaci guda. Irin su NovoRapid kuma cikin minti 10 zuwa 15 suke farawa, don haka sai abinci yana gabanka ake yin su. Ku lura, Lantus ma garai-garai ne, to kada launi kaɗai ya ruɗe ku. A karanta sunan da ke jikin kwalba.

Bari mu bi gaurayen nan cikin yini guda, don a nan ne aka fi samun matsala. Ka yi allura da ƙarfe 6 da rabi na safe. Ƙarfe 7 ya kamata abinci ya shiga cikinka. Kashin mai sauri zai yi ƙarfi daga wajen 8 da rabi zuwa 10 da rabi, wato da hantsi. Yana sassautawa, mai jinkirin ya karɓa, ya yi ta ƙarfi tun kafin azahar har la'asar. Ka ga ke nan abincin rana ya zama wajibi, ko da ba ka sake yin wata allura ba, don ta safen nan ba ta gama aiki ba. Haka ta yamma: in ka yi ta bayan magariba, mai saurin zai yi ƙarfi bayan isha'i, mai jinkirin kuma ya kai ƙololuwa cikin tsakar dare zuwa asuba, lokacin da kowa ke barci.

Yanzu mu ɗauki misali da abin da kan faru da damina. Magidanci ya dawo daga sallar asuba, ya yi allurarsa kamar yadda likita ya ce. Ba a gama ɗumame ba, ga shi yana son ya riga rana. Ya kurɓi koko rabin kofi, ya saɓi fartanya, ya ce a aiko masa da abinci. Allurar a cinya ya yi ta, kuma da ƙafa ya tafi, tafiyar da ke sa jini ya zuƙi maganin da sauri. Ya kama noma. Tsoka tana aiki tana shan suga, insulin ma yana kwasa, ciki kuwa babu komai. Wajen ƙarfe 10 sai gumi mai sanyi ya keto masa, hannu ya fara rawa, zuciya na bugawa da sauri, ido na ganin dishi-dishi. Ya ce wa kansa zafin rana ne, bari ya ƙarasa kunyar nan. Kafin ya kai ƙarshenta harshe ya yi nauyi, yana yi wa yaransa faɗa ba gaira ba dalili, ya kasa gane hanyar inuwa. Yaron da aka aiko da abinci ya tsaya kallon ƙwallo a hanya. In mutumin nan ya faɗi yana fizge-fizge, wani zai ce iska ce, wani ya ce hawan jini, a ruga neman hayaƙi da tofi, alhali suga cokali uku yake bukata.

Maganin ba shi da laifi a nan, kuma adadin da likita ya rubuta daidai ne. Lokaci ne ya saɓa. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ga mai allurar insulin wannan magana doka ce. Kada a yi allurar abinci sai an tabbatar abincin ya kusa sauka daga wuta. In girki ya makara, a ɗan jinkirta allurar. Ranar aikin ƙarfi, noma ne, huɗa, girbi, saran rake, ko ban ruwa a gonakin rani na gefen madatsar Challawa, a ci sosai kafin a fita, a yi allurar a fatar ciki, a tafi da guzuri a aljihu. A kuma gaya wa likita irin aikin da ake yi, don yana iya rage adadin na ranakun aiki. Haka ranar kasuwa da ranar tafiya Kano ko Zariya: mota na iya lalacewa, layin asibiti na iya tsawo.

Masu shan ƙwaya, ku ma kada ku ce ba ruwanku. Irin su Daonil suna faɗar da suga in aka sha ba a ci abinci ba, musamman ga tsofaffi da masu ciwon ƙoda.

(Ɗan kiɗa)

Ga waɗanda yanzu suka kama mu, muna magana ne a kan lokacin allurar insulin da yadda suga ke hawa da sauka a jini. Yanzu ga abin yi in suga ya faɗi. Uwargida, wannan ki riƙe shi da kyau.

In mutum yana cikin hayyacinsa, yana iya haɗiya, a ba shi abu mai zaƙi mai saurin shiga jini: suga cokalin shayi 3 zuwa 4 a dama a ruwa, ko zuma babban cokali ɗaya, ko rabin kwalbar lemo mai suga, ko ɗan gutsuren mazarƙwaila. A jira minti 15. In akwai na'ura a gwada. In har yanzu ƙasa da 70 yake, ko alamun ba su tafi ba, a maimaita. Da ya dawo daidai, a bi shi da abinci mai riƙe ciki, tuwo ko fura ko burodi, don sugan da aka sha ba ya daɗewa, allurar kuma tana nan tana aiki.

Na san wasu za su ce, ai an hana shi suga. Gaskiya ne, a kullum an hana shi. Amma a wannan lokacin suga shi ne maganinsa. In kuka rasa gane ko hawa ya yi ko faɗuwa, babu na'ura kusa, ga gumi ga rawar jiki ga ruɗewa, ku ba shi sugan. Cokali uku ba zai halaka wanda sugansa ya hau ba, amma zai ceci wanda nasa ya faɗi.

In kuwa ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, don zai iya shaƙewa ya wuce huhu. A kwantar da shi ta gefe, a shafa masa 'yar zuma a dasashi da yatsa, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, a gaya musu mai allurar insulin ne da lokacin da ya yi ta ƙarshe. Kada kuma kowa ya yi wa sumamme allurar insulin.

Hawan suga shi a hankali yake zuwa: ƙishirwa, yawan fitsari, kasala, rama. In aka ga amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, musamman ga yaro, wannan na gaggawa ne, asibiti kai tsaye. Yakan faru ne in an daina allura, ko in wani ciwo ya shigo. Saboda haka in zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da mai insulin har ya kasa cin abinci, kada a yanke masa allura gaba ɗaya da ka. A riƙa ba shi ruwa da kunu, a yawaita gwaji, a nemi likita a ranar. A kuma sanar da mai ba da magani cewa yana kan insulin, don shi kansa zazzaɓin da maganin kwinin suna iya saukar da suga.

Wata tambaya da ake yawan yi ita ce: me ya sa da safe, kafin karin kumallo, na ga 250? Abu uku ne ke kawo haka. Na farko, kafin asuba jiki na fitar da wasu sinadarai masu shirya mutum ya tashi, su kuma suna sa hanta ta sako suga. Na biyu, mai yiwuwa allurar yamma an yi ta da wuri, ta ƙare kafin gari ya waye. Na uku, mai yiwuwa sugan ya faɗi ne cikin dare, mutum ya farka jiƙe da gumi ya ci abin da ya samu da yawa. In na ukun ne, sai ka ƙara allurar dare da kanka, ka jefa kanka cikin haɗari. Hanyar ganewa ita ce ka tashi wajen ƙarfe 2 ko 3 na dare ka gwada, na 'yan kwanaki. Mugun mafarki, jiƙewar shimfiɗa da gumi, da ciwon kai da safe, duk alamun faɗuwar suga ne cikin barci.

Wannan ya kawo mu ga littafin rubutu. Ka sayi ɗan littafin 'yan makaranta, ka ja layi: kwanan wata, lokacin allura, adadinta, abin da ka ci, aikin da ka yi, da lambar da na'ura ta nuna. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Na san kayan gwaji da tsada. To kada ka ƙarar da su duka a gwajin safe. Yau ka gwada da asuba, gobe kafin azahar, jibi kafin tuwon dare, gata kafin kwanciya. Cikin mako biyu likita zai ga yadda yininka yake gaba ɗaya. Gwaji guda a ranar asibiti ba ya nuna masa haka. Ko a babban asibitin Rogo ko na Karaye kake ganin likita, ko an tura ka Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ka tafi da littafin nan da kwalbar da sirinjin da kake amfani da shi.

(Ɗan kiɗa)

Sai maganar azumi, don babu watan da ke juya lokacin cin abinci kamar Ramadan. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Musulmi 13, aka wallafa a 2004, ya nuna cewa faɗuwar suga mai tsanani ta ninka fiye da sau 7 a watan azumi ga masu ciwon suga irin na manya, ta kuma ninka kusan sau 5 ga masu irin na yara. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna da likitoci a Sharjah a 2009, ta kuma fitar da matsaya cewa akwai rukunin masu ciwon suga da bai kamata su yi azumi ba saboda cutarwar da ke ciki. Addini ya yi wa marar lafiya sauƙi, kuma karɓar sauƙin ba raunin imani ba ne.

Wanda yake son ya yi azumi, ya je wurin likita tun a Rajab, mako 6 zuwa 8 kafin wata ya kama. Likita ne zai ce ya dace ko bai dace ba, shi ne kuma zai sauya tsarin allura. Ga masu gauraye, abin da aka saba yi shi ne a mai da babbar allura lokacin buɗa baki, ta sahur kuma a rage ta sosai, don bayanta akwai yini guda babu ci. Wanda ya yi cikakkiyar allurar safe da sahur ya kama azumi, la'asar za ta riske shi cikin haɗari. A jinkirta sahur zuwa dab da alfijir, a ci mai riƙe ciki kamar wake da tuwo da ganye. Da buɗa baki kuma a yi hankali da kunun da aka cika wa suga da lemo. Malamai sun yi bayani cewa tsira yatsa don gwaji ba ya karya azumi, to a gwada da hantsi, da azahar, da la'asar. In suga ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, ko alamun faɗuwa sun bayyana, a karya azumin nan take, ko da saura minti goma a kira salla. Ka tambayi malamin garinku hukuncin ramuwa ko ciyarwa.

To, ko an kiyaye lokaci, in maganin ya lalace an yi aikin banza. Kwalbar da ba a buɗe ba firji take so, a sanyin digiri 2 zuwa 8, amma kada ta daskare, don insulin da ya yi ƙanƙara ya mutu. Wadda aka buɗe tana kai kamar mako huɗu a wuri mai sanyi-sanyi. Mu da wuta ba ta zama, ga dabara. A samu tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. A zuba yashi a gindin babbar, a zaunar da ƙaramar a ciki, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi sharkaf. A sa kwalbar cikin ɗan gwangwani ko roba mai murfi don kada ruwa ya goge rubutun, a ajiye ta cikin ƙaramar tukunyar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. A ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa, a riƙa ƙara ruwa safe da yamma. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa, shi ke janye zafin. Wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta duniya a 2000. Wani bincike na Jami'ar Janeba da ƙungiyar likitoci ta MSF, da aka wallafa a 2021 bisa yanayin wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, ya nuna insulin ya riƙe ƙarfinsa mako huɗu a zafin da ke kai da komo tsakanin digiri 25 da 37. Wannan abin ƙarfafa gwiwa ne, amma a bazara ɗakin kwano yana wuce haka. Kada a bar kwalba a taga, ko a aljihun gaban mota, ko kusa da murhu. A rubuta ranar da aka buɗe ta.

Mai fari-fari, a murza shi a hankali tsakanin tafin hannu har ya haɗe, kada a girgiza da ƙarfi. In ya yi gudaji, ko mai garai-garai ya yi duhu, a jefar. A riƙa sauya wurin allura, don wurin da aka dame shi yakan yi tauri, magani kuma ya riƙa shiga yadda ya ga dama. Mai kemis, ga naka: akwai insulin mai lamba 40 da mai lamba 100, sirinji ma haka. Dole lambar kwalba ta yi daidai da ta sirinji. In aka zuƙi mai 100 da sirinjin 40, an yi wa mutum ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta masa.

(Ɗan kiɗa)

Kafin mu rufe, bari mu leƙa wajen dabbobi, don su ma suna da jini da suga, kuma ta kansu aka gano maganin nan. A 1889 wasu likitoci biyu a birnin Strasbourg, Oskar Minkowski da Joseph von Mering, suka cire wa kare pankiriyas, sai ya kamu da ciwon suga. A 1921 Frederick Banting da Charles Best, a Toronto ta ƙasar Kanada, suka tatso sinadarin suka yi wa karnuka masu ciwon, sugansu ya sauka. A Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, ya farfaɗo. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce ranar ciwon suga ta duniya.

Mafarauta da masu karen gadi, in kun ga kare na yawan shan ruwa da fitsari, yana ci yana ramewa, ido ya fara yin fari da yana, ku yi zargin ciwon suga. Ya fi kama karnuka masu shekaru, musamman karyar da ba a cire wa mahaifa ba, makonni bayan ta gama neman namiji. Karen da ya kamu, kusan kullum sai da allura, yawanci sau biyu a rana, awa 12 tsakani, kowace tare da abinci iri ɗaya, adadi ɗaya. Tunda dabba ba ta iya cewa jikina na rawa, dokar ita ce a fara ba ta abinci, a ga ta ci, sannan a yi allura. In ta ƙi ci, a tuntuɓi likitan dabbobi kafin a yi. Don a daidaita adadi, likita kan gwada jinin dabbar duk bayan awa 2 tsawon yini, ya ga lokacin da suga ya fi sauka. In kare ya fara tangaɗi ko rawar jiki bayan allura, a shafa masa zuma a dasashi, a nemi likita. Kyanwa kuwa, in an kama ciwon da wuri, wata takan daina bukatar allura, shi ya sa ake ci gaba da gwaji. Insulin na dabbobi irin su Caninsulin mai lamba 40 ne, kuma kada a yi musayar kwalba tsakanin mutum da dabba. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana duba irin wannan, malamin dabbobi na ƙaramar hukuma kuma zai iya nuna muku hanya.

Masu kiwo, ku ma ga naku. Tunkiya ko akuya mai cikin tagwaye, in abinci ya gaza mata a makonni shida na ƙarshe, suganta kan faɗi, ta ware daga garke, ta daina ci, ta kwanta. Rigakafinsa a ƙara mata dusa da harawa tun kafin lokacin, musamman da rani.

Jama'a, ga aikin da muke roƙon kowane gida mai insulin ya yi a wannan mako. A zauna, mai gida da uwargida da manyan yara, a tsayar da lokacin karin kumallo da na tuwon dare, a daidaita su da allura. A ƙulla suga a leda uku: ɗaya a aljihu, ɗaya a gefen shimfiɗa, ɗaya a jakar gona. A gaya wa abokin aiki da maƙwabci da malamin makarantar yaro alamun faɗuwar suga da abin yi, don ciwon suga ba abin kunya ba ne, kuma wanda ya sani shi ke iya ceto. A duba lambar kwalba da ta sirinji. A buɗe littafin rubutu. Ƙari ko ragin allura kuma a bar wa likita.

Wanda ya ji, ya isar wa wanda bai ji ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri, ya sa albarka a nomanmu da kiwonmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)